Hamadar da Masu Gida Suka Ƙare: Abin da Ya Cinye Ƙananan Dabbobin Tsakiyar Ostareliya

A ƙarshen shekarar 1931 wani malamin kimiyyar sinadarai daga birnin Adelaide, Hedley Finlayson, ya kutsa busasshen yankin arewa maso gabashin jihar Ostareliya ta Kudu yana neman wata dabba da Turawa suka kusan shekara 90 ba su sa ta a ido ba. 'Yar ƙaramar dangin kangaru ce, nauyinta bai cika kilo ɗaya ba, mutanen wurin suna ce mata ulakunta. Da aka tayar da ɗaya daga 'yar sheƙarta ta ciyawa, sai mahaya suka rufa mata baya. Finlayson ya ba da labarin cewa sai da ta yi wajen mil 12 tana sheƙa gudu cikin tsananin zafi, ta gajiyar da dawakai uku, kafin a cim mata. Ya koma gida da murnar ya gano abin da aka ɗauka ya shuɗe. Bayan 1935 ba a sake samun tabbacin ganinta ba, har yau.

Halittar da za ta kayar da doki uku da rana tsaka ba raguwa ba ce, kuma ba fari ne zai ga bayanta ba, don kakanninta sun ga farin da ya fi wannan sau ba adadi. Amma ta tafi, kuma ba ita kaɗai ba. Daga 1788, shekarar da Turawan Ingila suka kafa zangonsu na farko a Sydney, zuwa yau, Ostareliya ta rasa jinsin dabbobi masu shayarwa fiye da 30, wato sama da ɗaya cikin 10 na waɗanda ba a samun su ko'ina sai can. In aka tara dukan masu shayarwar da suka ƙare a duniya cikin shekara 500 da suka wuce, kusan kashi ɗaya cikin uku daga wannan ƙasa guda suke.

A sauran sassan duniya in dabba ta ƙare ba a shan wahalar gano dalili. Ko an sare dajinta, ko an nome makiyayarta, ko an bi ta da bindiga saboda haure ko fata ko nama, kuma manya ne suka fi shan wuya. A Ostareliya sai abin ya zo a juye. Ɓarnar ta fi muni a can ƙuryar ƙasa, inda mutum zai wuni yana tuƙi bai ga rufin ɗaki ba, inda garma ba ta taɓa shiga ba. Kuma ba manyan ta kwashe ba. A kewayen Uluru, wani babban dutse da ke tsakiyar ƙasar, an san da zaman jinsi 46 na masu shayarwa 'yan asalin wurin. Yanzu 21 ake samu. Baƙon da ya je yawon buɗe ido zai ga jan rairayi da ciyawa da itatuwa kamar ba abin da ya taɓa su tun ran gini. Gida ne yana tsaye da bangonsa da rufinsa, masu gidan ne babu.

Kafin a gane yadda suka tafi sai an san yadda suka zauna. Kusan kashi 70 cikin 100 na ƙasar busasshe ne ko mai ƙarancin ruwa. Sai dai ba ƙarancin ne babbar masifar ba, rashin alkawari ne. Akwai busassun yankuna a duniya da ruwansu kaɗan ne amma an san watan zuwansa. Tsakiyar Ostareliya ba ta da wannan gata. Sai a shekara uku ko huɗu sama ba ta ce uffan ba, sannan a wayi gari ta zubo na shekara biyu cikin mako guda. Ƙasar kuma tsohuwa ce, ta tsiyaye, ba ta da taki. Abin da ya fi rufe rairayin wata ciyawa ce mai tsini kamar allura, sifinifes, wadda ke fitowa curi-curi. Ba ta da daɗin ci, amma ga ƙaramar dabba babu ganuwar da ta kai ta.

Zuriya biyu ce ta raba wannan hamada. Akwai masu goyon 'ya'yansu a jakar ciki, dangin kangaru, akwai kuma dangin ɓera da suka tsallako daga nahiyar Asiya miliyoyin shekaru da suka wuce har suka zama 'yan gida. Kowannensu da irin dabararsa. Ɓera mai tsalle, wanda bai wuce giram 35 ba, yana iya rayuwa bai kurɓi ruwa ba. Ɗan danshin da ke cikin iri da ƙwari ya ishe shi, domin ƙodarsa tana tatse ruwan fitsari har ya zama cikin mafi kauri da aka taɓa aunawa a jikin mai shayarwa. Da rana yana can cikin rami mai zurfin kusan mita guda, inda zafi ba ya kaiwa. Malgara, wani ɗan mafarauci mai cin ƙwari da ƙadangaru, a wutsiya yake ajiye kitsensa, in dare ya yi sanyi kuma abinci ya yi wuya sai ya sauke zafin jikinsa ya yi likimo don kada ya ƙone abin da ya tara. Akwai filanigel, wanda nauyinsa bai fi giram 5 ba, kansa a baje, yana farauta cikin tsagar busasshen laka. Akwai wata kuma da ke ninƙaya cikin rairayi kamar kifi a ruwa, ba ta da idon gani, bakin jakarta ma baya yake kallo don kada yashi ya cika ta. Mutum zai yi rayuwarsa duka a hamadar bai gan ta ba.

Sai matsakaita, waɗanda a kansu maganar take. Bilbi, mai dogayen kunnuwa kamar na zomo da dogon hanci, yana haƙa rami mai murɗewa da zai kai mita 2 a zurfi, kuma dā ana samunsa a wajen kashi 70 cikin 100 na nahiyar. Budi, ɗan kangarun da girmansa bai wuce na zomo ba, shi kaɗai ne a danginsa ke zaman dindindin cikin ramuka, jama'a guda, gida mai ƙofofi da yawa. Mala, wani siririn ɗan kangaru mai jan gashi, a ƙarƙashin sifinifes yake fakewa. Ɓera mai gini kuwa ƙirare yake tarawa ya yi ɗaki, ya liƙe shi da fitsarinsa da ke daskarewa kamar ƙaro; a wasu kogunan dutse irin wannan gini ya yi dubban shekaru, har masana na tona shi don su san irin tsirran da suka taɓa fitowa a wurin.

Wasu ma sun tafi kafin a san su. Akwai wani ɗan kangarun tsakiyar hamada da duk abin da kimiyya ta mallaka game da jikinsa ƙoƙon kai ne guda ɗaya, wanda aka samo a 1932. Akwai wata 'yar dabba mai siraran ƙafafu da yatsu kamar kofato, wadda ta farkon da Turawa suka samu a 1836 an yi rashin sa'a wutsiyarta ta gutsure, sai aka raɗa wa jinsin duka suna marar wutsiya. Da wani masani, Gerard Krefft, ya zo nemanta a 1857 yana nuna wa mutanen yankin zanenta haɗe da alkawarin lada, sai suka riƙa kawo masa wasu dangin nata na gama-gari bayan sun cire musu wutsiya. Abin dariya ne, amma yana nuna iyakar sanin da aka yi mata kafin ta ɓace.

Yadda suke bazuwa a ƙasa shi ne mabuɗin al'amarin. Idan ka dubi taswira za ka ga yankin kowace dabba yana da faɗi ƙwarai, wani ya fi ƙasashe da yawa girma. Taswirar tana ruɗi. Masana daga Jami'ar Sydney ƙarƙashin Chris Dickman suna ɗana tarko a hamadar Simpson tun 1990, kuma abin da suka gani shekara da shekaru shi ne cika da ƙafewa. A shekarun fari sai a kwana da yawa tarko bai kama ko ɓera ɗaya ba, har ka rantse babu komai a wurin. In aka yi ruwa mai yawa, ciyawa ta zuba iri, cikin 'yan watanni sai ƙasa ta cika maƙil. Sun kuma ga ƙananan dabbobi suna tafiyar kilomita da yawa suna bin inda ruwa ya sauka. Bayan mamakon ruwan 2010 da 2011, wani ɓera mai dogon gashi ya yi ambaliya daga gabashin hamada har ya isa garin Alice Springs, tsuntsaye masu farautar dare suna biye da shi.

To ina suke shiga lokacin fari? A 1990 wani masanin muhalli, Steve Morton, ya kawo bayanin da har yau ake dogaro da shi. Hamadar ba bai ɗaya take ba. Nan da can akwai 'yan wurare masu ɗan albarka: gindin tudu inda ruwa ke taruwa, bakin busasshen rafi, gefen tafkin gishiri, fadamar da ƙasarta ke riƙe danshi. In fari ya yi tsanani, dabbobin sauran wurare sukan mutu, 'yan tsiraru su rage a waɗannan mafaka. Su ne iri. In ruwa ya dawo, daga nan ake sake cika ƙasa. Wato jinsin da taswira ta ba shi rabin nahiya, a mummunar shekara rayuwarsa duka tana rataye ne a kan wasu 'yan ɗigo-ɗigon wurare. Dabarar ta yi aiki dubban shekaru, domin duk mai farautarsu shi ma fari na karya shi, kuma babu wani mai cin ciyawa da ke zuwa ya share mafakar.

Daga nan sai baƙi suka fara isowa, kowanne kuma inda ya nufa mafakar nan ce.

Makiyayan tumaki da shanu, da suka kutsa ciki tun daga tsakiyar ƙarni na 19, ba su kai garkensu kan rairayi marar amfani ba. Inda ke da danshi da ciyawa mai daɗi suka nema, wato daidai wurin da budi da bilbi ke jiran wucewar fari. Ostareliya ba ta taɓa sanin kofato ba kafin wannan lokaci. Dabbobinta duka masu taushin tafin ƙafa ne. Da aka fara haƙa rijiyoyin burtsatse, sai garke ya samu damar zama a wuri ko da fari, ya ci ya tattake har ƙasa ta zama fako. Raƙuman da aka shigo da su don sufuri, aka sake su da mota ta zo, su ma suka yaɗu cikin daji da dubban ɗaruruwa.

Zomo ya fi su ɓarna. A 1859 wani mai gona, Thomas Austin, ya saki zomaye 24 a gonarsa kusa da Geelong a jihar Biktoriya don ya samu abin harbi na nishaɗi. Cikin shekara 50 sun mamaye mafi yawan kudancin nahiyar, har gwamnatin Ostareliya ta Yamma ta ja shingen dubban kilomita tsakanin 1901 da 1907 don tare su, amma kafin a gama sun riga sun wuce. Kafin a sakar musu cuta a 1950 an ƙiyasta yawansu ya kai miliyan 600. Sun cinye ciyawa har saiwa, sun ɓare bawon itatuwa, sun shige ramukan budi da na bilbi. Tarko da gubar da aka zuba don zomo kuma ba su tambayi wa ke ɗan gida wa ke baƙo ba. A wasu jihohi ma lada aka riƙa biya a kan kawunan ƙananan kangaru, wai maɓarnata ne.

Amma babban laifin zomo ba cin ciyawa ba ne. Shi ne ya ciyar da makasan. An saki yanyawar Turai mai jan gashi a Biktoriya don wasan farauta, ta kafu a shekarun 1870, ta bi sawun zomo duk inda ya sa ƙafa. Mage kuwa tare da Turawa ta sauka, ta fice daga gidaje ta koma daji, kafin ƙarshen ƙarni na 19 ta kai kusan ko'ina. Yau babu inda babu ita a fiye da kashi 99 cikin 100 na ƙasar, kuma yawan na dajin yana kaiwa da komowa tsakanin miliyan 2 da miliyan 6 gwargwadon ruwan shekara. Ba ta bukatar shan ruwa in tana samun nama, saboda haka hamada ba ta yi mata shamaki ba. Ga yadda lissafin ya lalace. A dā, in abin farauta ya ragu, mafarauci ma sai ya ragu, abin farautar ya samu sararin numfashi. Yanzu zomo ya tara maguna da yanyawa fiye da abin da ƙasar za ta iya ɗauka. In fari ya zo zomaye suka faɗi, sai dubban mayunwata su juya kan abin da ya saura, kuma abin da ya saura ya taru wuri guda, a mafakar da shanu da zomaye suka riga suka yi wa tsirara. Mage ɗaya ƙwararriya tana iya share mafaka guda cikin 'yan makonni. In ruwa ya dawo, babu irin da zai sake cika wannan yanki. Ba a rana ɗaya jinsi ke ƙarewa ba. Fitila ce ake kashewa ɗaya bayan ɗaya, kowane fari ya tafi da wasu, har a wayi gari babu ko ɗaya.

A 1989 wasu masana biyu, Andrew Burbidge da Norman McKenzie, suka lura da wani abu da ya fito da hoton sarai. Kusan duk waɗanda suka ƙare ko suka ragu sosai nauyinsu yana tsakanin giram 35 ne da kilo 5 da rabi, kuma mazauna ƙasa ne, ba masu hawa itace ko tashi sama ba. Wannan shi ne daidai loman mage da yanyawa. Wanda ya gaza haka yana shigewa tsagar ƙasa, yana kuma haihuwa da sauri. Wanda ya fi haka ya fi ƙarfinsu. Babban jan kangaru ma riba ya ci, don rijiyoyin makiyaya sun ba shi ruwa, yawansa ya ƙaru. Na tsakiya ne suka rasa tudun dafawa: sun yi girman da ba za su ɓuya ba, ba su kai girman da za a ji tsoronsu ba, kuma da yawansu ɗa ɗaya suke goyo a lokaci guda.

Akwai wani sashe na labarin da aka daɗe ba a ba shi haƙƙinsa ba, kuma a ganina ya fi sauran ban mamaki. A can ƙuryar hamadar yamma, inda shanu ba su taɓa zuwa ba kuma zomo bai yi yawa ba, mage ta yi shekaru da dama tare da waɗannan dabbobi ba su ƙare ba. A shekarun 1980 Burbidge da abokan aikinsa suka ɗebi busassun fatun dabbobi daga gidajen adana kayan tarihi, suka bi ƙauyukan 'yan asalin ƙasar suna nuna wa tsofaffi. Tsofaffin suka gane su nan take, suka faɗi sunayensu, abincinsu, inda suke kwana, yadda ake kama su, da wurin da kowa ya yi musu ganin ƙarshe. Daga bakinsu aka gane cewa dabbobi da yawa da Turawa suka ɗauka sun daɗe da shuɗewa sun kai shekarun 1940, 1950, wasu har 1960. Wannan kuwa shi ne lokacin da mutanen suka bar hamada suka koma zangon mishan da matsugunan gwamnati, wasu da son ransu, wasu fari ya koro su, wasu kwaso su aka yi.

Me tafiyar mutane ta canza? Wuta. Dubban shekaru mutanen hamada suna toyi kaɗan-kaɗan yayin da suke yawo suna farauta, galibi a lokacin sanyi. Sai ƙasa ta zama kamar zanen faci: nan an ƙone bana, sabon tsiro ya fito, ga abinci, can an ƙone shekara biyar da suka wuce, gaba kaɗan ga tsohuwar sifinifes mai duhu, ga maɓoya. Dabba kamar mala tana bukatar biyun kusa da juna, ta ci a nan ta kwana a can. Hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama a 1953 a wani yanki na hamadar yamma, lokacin mutane na nan, sun nuna ƙananan tabon ƙuna birjik, yawanci 'yan gomiyar hekta. Bayan shekara 30 da tashin mutane, a wuri guda ɗin, sai ga gobara ɗaya tana cin dubban hekta. Ciyawa ta taru ba mai rage ta, tsawa ta kunna ta da bazara, ta lashe komai. Dabbar da ta tsira daga wutar sai ta tsinci kanta a fili fetal. Binciken da aka yi a arewacin ƙasar da maguna masu na'urar bin sawu a wuya ya nuna suna barin yankinsu su yi tafiyar kilomita da yawa zuwa inda babbar gobara ta ci, don sun san can farauta ba wuya. Ana kukan targaɗe kuma sai ga karaya: wata ciyawar kiwo 'yar dangin ƙarangiya da aka shigo da ita don shanu ta bazu cikin rafuka da fadamu, kuma wutarta ta fi ta ciyawar gida zafi.

Ƙarshen mala a daji ya tattara duk wannan cikin 'yan shekaru. Zuwa shekarun 1980 garke biyu kacal suka rage a babban yankin ƙasar, wato ban da tsibirai, dukansu a hamadar Tanami. A 1987 yanyawa ta gama da ɗaya. A 1991 gobara ta cinye ɗayan. Da ba don an riga an kwashi wasu ana kiwonsu a killace ba, da sai dai labari. Ga mutanen Anangu na Uluru kuwa mala ba nama ba ne kawai, yana cikin kakannin da labarin halittar wurin ya ginu a kansu. A 2005 aka dawo da shi gindin dutsen, amma cikin shinge.

Masana sun daɗe suna jayayya kan wanne ne babban dalili, kiwo ko zomo ko wuta ko mafarauta ko cuta. Ni dai ina ganin tsibirai sun raba gardama. Budi ya ƙare ƙaf a babban yankin ƙasar zuwa shekarun 1960, amma yana nan lafiya lau a tsibiran Bernier da Dorre da Barrow da ke gaɓar yamma, wurare busassu masu fama da fari iri ɗaya, bambancin kawai babu mage babu yanyawa. Babban ɓera mai gini ma a tsibiran Franklin kaɗai ya tsira. A 2021 nazarin ƙwayoyin gado ya nuna cewa wani ɓera da aka yi wa makoki fiye da shekara 100 ana zaton ya ƙare ashe shi ne wanda ke zaune a wani tsibiri na Shark Bay, a gaɓar yamma, da wani suna daban. Nazarin ya kuma nuna cewa ɓerayen da suka ƙare ba wai sun daɗe suna lalacewa ba ne, suna da yawa da ƙoshin zuriya har gab da faɗuwarsu. Kiwo da zomo da wuta su ne suka rushe katanga, amma haƙorin da ya yi kisan na mage ne da yanyawa.

Gwajin da ba wanda ya shirya shi ma ya ƙara tabbatar da sarƙar. A 1995 wata ƙwayar cutar zomo da ake gwaji da ita a tsibirin Wardang ta kuɓuce ta shiga ƙasa, ta karkashe zomayen busassun yankuna. Maguna da yanyawa suka ragu saboda yunwa. Cikin shekara 20 sai ga wasu ɓeraye masu tsalle da wani jinsin malgara sun faɗaɗa yankinsu ninki da yawa a Ostareliya ta Kudu, ba tare da kowa ya ɗauke su ya kai ba.

Sai dai taɓa zare ɗaya a wannan saƙa yakan motsa wani. A 1996 jihar Ostareliya ta Yamma ta fara zuba wa yanyawa guba daga jirgin sama a faɗin miliyoyin hekta. Gubar, mai lamba 1080, irinta ce ke cikin wasu tsirran yankin, don haka dabbobin gida sun saba da ita, baƙi ne take kashewa. Woili, ɗan'uwan budi, wanda aka fara zuba gubar a yankinsa tun kafin nan, ya farfaɗo har aka cire shi daga jerin masu fuskantar barazana. Ba a daɗe ba sai ya sake faɗuwa da kusan kashi 90 cikin 100, kuma bincike ya fi ɗora laifin a kan maguna, waɗanda suka samu sarari da yanyawa ta kau. An yi gudun gara an faɗa wa zago. Haka batun dingo, karen dajin da ya iso nahiyar shekara 3,500 ko fiye da suka wuce. An ja shingen kilomita sama da 5,600 don kare tumaki daga gare shi. A ɓangaren da yake, yanyawa ba ta da yawa, ƙananan ɓerayen gida kuma sun fi yawa. Ko yana danne mage kamar yadda yake danne yanyawa, wannan har yanzu ana musu a kai, makiyayin da ya tashi ya tarar da tumakinsa a yashe kuwa ba ya son jin wannan lissafi ko kaɗan.

Abin da ya yi aiki ba tantama shi ne shinge da tsibiri. Kusa da garin Roxby Downs a Ostareliya ta Kudu akwai wani wuri mai suna Arid Recovery da aka kafa a 1997, murabba'in kilomita 123 a kewaye da raga mai tsayin mita 1.8. Samanta a lanƙwashe yake yana lilo, in mage ta hau sai ya dawo da ita. Ƙasanta an shimfiɗe shi don kada a tono. A ciki aka sake bilbi da budi da ɓera mai gini, suka hayayyafa. A tsibirin Dirk Hartog an tabbatar da kawar da mage ta ƙarshe a 2018, ana ta mayar da dabbobin da suka taɓa zama can. A irin waɗannan wurare ne aka fara ganin abin da hamadar ta rasa. Waɗannan dabbobi masu tono ne: woili guda yana juya ƙasa kusan tan 5 a shekara yana neman abinci. Kowane ɗan rami yana tare ruwan sama da busasshen ganye da iri, ya zama wurin tsiro. Ka ninka wannan da miliyoyin dabbobi a faɗin nahiya, za ka gane cewa ƙasar da ake gani yau, mai tauri da ruwa ke gudu a kanta, ba ita ce ta dā ba.

Amma shinge jirgin tsira ne, ba magani ba. Duk wuraren da babu mage, in aka haɗa su, ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasar ba. A cikin Arid Recovery budi ya tashi daga 'yan gomiya ya haura dubu, ba mai cin sa, har ya cinye tsirran da ɓera mai gini ke rayuwa a kansu. Da aka kwashi fiye da dubu aka saka a waje, da fatan yawansu zai fi ƙarfin mafarauta, cikin 'yan watanni ba ko ɗaya. Dabbar da ta tashi a inda ba tsoro ba ta san gudu ba. Wasu har matsowa suke su shinshina ƙafar mutum. Shi ya sa masaniyar muhalli Katherine Moseby da abokan aikinta suka yi abin da da farko ya yi kama da hauka: suka saka 'yan maguna kaɗan cikin wani babban sashe na shingen da gangan, don a ci wasu, sauran su koyi hankali. Waɗanda suka tsira sun fi saurin firgita, kuma bilbin da suka taso a haka sun fi daɗewa da aka kai su inda maguna suke. An kuma ƙera wata na'ura mai gane siffar mage da hasken lesa, ta fesa mata guba a gashi, ita kuma da halinta na lasar jiki ta ƙarasa aikin da kanta.

Bilbin da ya rage a daji, a ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu na yankinsa na dā, mafi yawansa yana kan filayen 'yan asalin ƙasar ne, a hamadun Tanami da Gibson da Great Sandy. A Kiwirrkurra, ɗaya daga cikin ƙauyuka mafi nisa da kowane gari a nahiyar, inda wasu mutum 9 'yan ƙabilar Pintupi suka fito daga hamada a 1984 ba su taɓa cuɗanya da Bature ba, babu shinge ko na taku ɗaya. Mutanen sun koma ƙasarsu, sun ci gaba da toyinsu kaɗan-kaɗan, kuma tun zamanin iyayensu mage nama ce a wurinsu. Mata ne suka fi ƙwarewa. Da sassafe sukan duba rairayi su ga sawun daren jiya, su san muzuru ne ko mace, ya ƙoshi ko yana jin yunwa, sai su bi shi a ƙafa. Mage ba ta da dogon numfashi. In aka tashe ta sau biyu sau uku cikin zafi sai ta lafe ƙarƙashin curin ciyawa, nan sanda ke samun ta. A kewayen ƙauyen, iyakar inda ƙafar mafarautan ke kaiwa, har yanzu ana wayar gari a ga sabuwar ƙasa a bakin ramin bilbi.